Wuƙar maƙera: yadda ake gane ta ƙwarai, da yadda ake yawo da ita

A rumfar maƙera, a Kasala ko a Gadarif a gabashin Sudan, za a iya shimfiɗa maka wuƙaƙe biyu a kan buhu, tsawonsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, kuɗinsu ma ɗaya. Guda za ta yi shekara goma tana aiki har washi ya sirantar da ita. Gudar kuwa ranar layya za ta kunyata ka, rago na kwance, jama'a na tsaye, bakinta ya naɗe tun a gashin wuya. Abin da ya raba su ya faru ne cikin 'yan daƙiƙun da maƙeri ya zaro ƙarfe daga wuta ya tsoma shi a mai, sauran kuma yana ɓoye cikin ƙota. Duka biyun ido ba ya ganinsu, amma akwai hanyoyin bincikarsu kafin kuɗi su bar aljihu.

Tun daga gida ya kamata mutum ya san aikin da wuƙar za ta yi masa, don sana'o'in Hausawan ƙasar nan ba wuƙa ɗaya suke so ba. Mai agashe yana buƙatar doguwa mai laushin jiki, ruwanta santimita 20 zuwa 25, kaurin bayanta bai wuce milimita 2 ba, don ta shimfiɗe tsoka falle-falle ba tare da ta yage ta ba. Masuncin Sinnar ko Rusairis ko Khashmul Girba gajera mai tsini yake so ta farke cikin kifi, kuma babbar damuwarsa tsatsa. Manomi ko makiyayi a Mai Wurno da ƙauyukan Gadarif kuwa aikinsa barkatai ne: yanke igiya, farke ɗinkin buhu, fiƙe turke, fasa kankana, wani lokaci a yi gaggawar yanka akuyar da ke shirin mushewa. Wannan ita ce wuƙar yau da kullum, kuma awonta sananne ne: ruwa santimita 9 zuwa 12, kaurin baya milimita 2 da rabi zuwa 3, ƙota santimita 10 zuwa 11, baki ɗaya tak.

Yawancin masu saye sukan zarce wannan awo. Babbar wuƙa tana da kwarjini a hannu, amma bayan mako biyu nauyinta ya ishe ka, sai ta koma zaman ɗaki, ranar da ake nemanta kuma ba ta kusa.

Sai wuƙar damtse, wadda Larabawa ke kira sikkin ad-dura, da aka fi sani a Kurdufan da Darfur. Ana saƙala ta a damtsen hagu sama da gwiwar hannu, hannun riga ya rufe ta, kuma kubenta sau da yawa yana da ɗan gurbin hantsaki da allura na cire ƙaya, abin da duk wanda ya taɓa ratsa filin ƙarangiya zai yaba. Dabarar ɗaukarta kam ta yi. Matsalar a ruwanta take: galibi baki biyu ne. Wuƙa mai baki biyu ba ka da inda za ka ɗora babban yatsa ka danna, ba ka buga bayanta da itace ka tsaga kara, kuma saboda tudun da ke tsakiyarta kowane baki gajeren gangare gare shi, yanka ba ya zurfi da sauƙi. Haka lanƙwasassun wuƙaƙen Beja da maƙeran Kasala suka shahara da su: aiki ne na gwaninta, amma ba don ɓare albasa aka yi su ba. Wanda ke son ɗaukar damtse, ya sa a ƙera masa mai baki ɗaya a yi mata kube irin na damtsen.

Maƙeranmu ba sa sayo ƙarfen wuƙa daga masana'anta, daga tsofaffin kaya suke tsinto shi, don haka tambayar farko ga maƙeri ita ce, da me aka ƙera ta? Amsar da aka fi ji ita ce sifirin mota, wanda a nan ake ce wa yay. Zaɓi ne mai kyau. Ƙarfen sifirin yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, yana ɗaukar tauri daidai gwargwado, kuma yana da juriya, ba ya saurin karyewa. Aibinsa daga tarihinsa yake zuwa. Sifirin da ya shekara ashirin a ƙarƙashin lori yana shan ramuka yakan tara tsagogi ƙanana kamar gashi, musamman kusa da ramin ƙusar tsakiya da wajen naɗin bakinsa. Dukan masaba ba ya haɗe su, rufe su kawai yake yi, sai an tsoma ƙarfen a mai su buɗe, ko kuma su jira ranar da ka dage da ƙarfi kana yanka. Maƙerin da ya san aikinsa daga tsakanin waɗannan wurare biyu yake yanko rabonsa.

Tsohon magagari ya fi sifirin kabon, yakan kai kashi 1 cikin ɗari ko fiye, don haka wuƙarsa ta fi kaifi da daɗewa ba ta dakushe ba, amma ta fi gautsi. Ta yi wa mai agashe da mai fiɗa, ba ta yi wa wanda zai sara ƙashi ko ya ɓamɓare murfin gwangwani ba. A nan ma akwai tarko: wasu magagarai masu araha fatarsu kaɗai aka taurara, cikinsu ƙarfe ne mai laushi, da an gurje haƙoran an gurje amfanin. Faifan garmar tarakta, wanda ba ya wuya a yankin manyan gonakin Gadarif, shi ma yana yin wuƙa mai ƙwari, haka zoben boris idan maƙeri ya iya sarrafa shi, don yana da taurin kai a ƙarƙashin masaba. Wanda za a guje wa shi ne rodin gini, sikh, da ƙarfen ƙofa da na gado. Kabon ɗinsu bai kai ba, ko an tsoma su sau goma ba za su riƙe baki ba.

Haka idan aka nuna maka wuƙa fara ƙal aka ce ƙirar hannu ce kuma ba ta tsatsa, ka yi hattara. Farin ƙarfen da ke yin wuƙa yana son zafi sama da digiri 1,000 da aka auna daidai, abin da wutar gawayi da zuga-zugi ba sa bayarwa bisa ƙa'ida. Wanda ake samu a bola kuma, na tukwane da tankuna, ko kusa ba ya taurara. Ɗan maganaɗisu zai taimaka: idan bai kama ruwan wuƙar ba, ƙarfen tukunya ne, ka ajiye musu kayarsu.

Ko ƙarfen ya yi kyau, rabin aiki ne. Ragowar shi ne abin da Larabawa ke kira shayar da ƙarfe, kuma a nan ake gane maƙeri. Bayan an gama ƙira, ƙarfen ya sha duka da wuta, cikinsa a hargitse yake. Sai a mayar da shi wuta ya yi ja, a fito da shi ya huce a iska, sau biyu ko uku, don ƙwayoyin cikinsa su daidaita su ƙanƙance. Masu sauri sukan tsallake wannan mataki. Ana barin bakin da kaurin kamar milimita 1, ba a wasa shi tukuna, don baki siriri yana murɗewa ko ya tsage a cikin mai. Daga nan a zuga wuta a hankali har ruwan ya yi ja bai ɗaya daga gindi zuwa tsini. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne maganaɗisu: a wajen digiri 770 ƙarfe yakan daina kama shi. A ƙara ɗan zafi kaɗan a kan wannan, zuwa 800 da 'yan kai, sai a tsoma a mai kai tsaye, a riƙa motsa shi gaba da baya ta fuskar baki. Idan aka kaɗa shi gefe da gefe, ɓangare ɗaya ya riga ɗaya hucewa, wuƙa ta fito a karkace.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata wannan mataki. Na farko hasken rana. Jan da ido ke gani a inuwa daban yake da wanda ake gani da tsakar rana. A hasken ranar Sudan ƙarfe zai wuce zafin da ake so nesa ba kusa ba kafin ido ya ga ya yi ja. Ƙarfen da ya ƙone haka ƙwayoyinsa sukan yi girma, bakinsa ya riƙa marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, kuma washi ba ya gyara shi. Shi ya sa tsofaffin maƙera suke barin wannan aiki sai a can cikin rumfa, ko da almuru. Na biyu ruwa. Ruwa yana sanyaya ƙarfe da gaggawar da sifirin ba ya jurewa. Akwai gwanayen da ke taɓa bakin kaɗai a ruwa su tsira, amma ga yawancin mutane caca ce, kuma tsagar da ruwa ya yi ba kullum take bayyana nan take ba. Baƙin man mota da aka fi amfani da shi yana aiki a kan sifirin, sai dai hayaƙinsa guba ne kuma dole a wanke wuƙar sarai kafin ta taɓa abinci. Man gyaɗa da aka ɗan ɗumama ya fi shi.

Na uku, kuma mafi yawa, shi ne a tsaya a nan. Ƙarfen da ya fito daga mai yana da tauri kamar kwalba, yana da gautsinta kuma. In ya faɗi a kan siminti yana iya rabewa biyu. Dole a sassauta shi da ƙaramin zafi ba da daɗewa ba. Hanyar gargajiya ita ce a goge ruwan ya yi fari, a ɗora bayansa a kan wani ƙarfe mai zafi, a zuba ido ana kallon launi yana tafiya daga baya zuwa baki. Launin farko kamar busasshen karan dawa ne, wajen digiri 200 zuwa 230, sannan ya yi duhu, ya koma shunayya, ya zama shuɗi a wajen 300. Abin da ake nema shi ne baki ya tsaya a launin kara, baya ya kai shuɗi: baki mai tauri, baya mai juriya. Da launin karan ya isa baki sai a tsoma a ruwa a tsayar da shi. In aka yi sakaci shuɗi ya kai baki, wuƙa ta yi laushi, za ta wasu da sauƙi ta dakushe da sauƙi.

Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa bayan an gama komai daidai, wato ta injin gurza, sarukh. Yaron shago ya danna bakin wuƙa a kan dutsen da ke gudu, ba ya tsoma ta a ruwa, siririn bakin ya yi zafi ya koma shuɗi cikin ƙiftawar ido, taurin da maigidansa ya wahala a kai ya tafi. Sai a goge shuɗin, ba wanda zai sani. Tsini ne ya fi shan wannan, don shi ne mafi siranta.

To, ta yaya mai saye zai gane duk wannan a tsaye a kasuwa? Ba a cinikin biri a sama. Ka tafi da ƙaramin magagari sabo, da guntun busasshen itace mai tauri irin marke ko bagaruwa, da takarda. Ka nemi izinin maƙeri tukuna. Wanda ya yarda da aikinsa ba ya hanawa. Ka goga magagarin a hankali dab da baki, a wuri uku: gindi, tsakiya, tsini. A kan ƙarfe mai tauri zai zame yana ƙara siririya, da ƙyar ya bar alama. In ya kama yana ci kamar a kan ƙusa, wuƙar ba ta sha ba, ko an ƙona ta. Sau da yawa za ka tarar tsakiya ta yi, tsini bai yi ba. Sannan ka yanka takarda, ka fere itacen nan sau ashirin da ɗan ƙarfi, ka sake komawa takarda. Ka juya bakin sama a hasken rana: baki mai lafiya ba ya ƙyalli, duk inda ka ga ɗigon haske, wurin ya kwanta ko ya naɗe, alamar laushi. Ka bi bakin da farce a hankali. In farce yana sarƙewa a ƙananan giɓi, gautsi ya yi yawa. Tsakanin aibin biyu, ɗan laushi ya fi sauƙin zama da shi, don dutse na gyara shi kullum.

Wasu masu sayarwa sukan sare ƙusa da wuƙa a gabanka don burgewa. Wannan bai nuna komai ba sai cewa bakin yana da kauri kamar na gizago. Wuƙar da ke yanka da daɗi ita ce wadda aka sirantar tun daga sama, gangarenta ya taso daga kusa da baya ya sauko a hankali, har dab da baki kaurin bai wuce rabin milimita ba. Ka matsa ruwan tsakanin yatsu biyu daga baya ka gangaro, ka tsaya kafin baki, za ka ji ko gangare ne ko dunƙule. Ka kuma runtse ido ɗaya ka hango ta daga ƙota zuwa tsini ko ta miƙe. Duk wani siririn layi baƙi da ya ratsa ruwan a karkace, ko wanda mai ke tsattsafowa daga cikinsa bayan an goge, tsaga ce, kuma ba ragin kuɗin da ya kai a ɗauke ta.

Ƙota ita ce wuri na biyu da ake ɓoye ha'inci. Ƙarfen wuƙa yana da wutsiya da ke shiga cikin itace, tsawon wannan wutsiya shi ne ƙarfin wuƙar. Mafi aminci iri biyu ne. Ko dai wutsiya mai faɗin ƙota, wadda ake ganinta ta gefe, an manna mata itace biyu an ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku. Ko kuma siririya da ta ratsa ƙotar ta ɓullo ta gindi, aka sa mata ɗan faifan tagulla aka dandaƙe kanta. Wadda ba a ganin ƙarshenta, ka tambaya iya ina ta tsaya, ka kuma bi gefen ƙotar da maganaɗisu mai ƙarfi, sau da yawa zai nuna maka. In ba ta kai kashi biyu cikin uku na ƙotar ba, wata rana ruwan zai fice ko itacen ya tsage a hannunka. Wutsiyar da aka haɗa da walda a daidai wuyan wuƙa ita ma a nan take karyewa. Akwai al'adar ƙona wutsiya ta huda wa kanta hanya a cikin itace. Tana da sauri, amma tana barin gawayi a cikin ramin, gawayin ya marmashe, bayan wata biyu ƙota ta fara girgiɗi.

Itacen ya zama busasshe sarai. Babanus, baƙin itacen nan mai nauyi, shi ne na alfarma. Bagaruwa da marke da aduwa duk suna yi. Ɗanyen itace da aka sa da damina zai tsuke ya tsage da zafin watan Afrilu. Ƙaho yana da kyau amma yana santsi in ya sha jini ko kitse. Don haka a duba ko akwai abin da zai tare yatsa kada ya zame kan baki, ko ɗan ƙarfen tsare hannu, ko gurbin yatsa da aka sassaƙa. Yawancin munanan raunukan mahauta daga nan suke: tsini ya ci karo da ƙashi, wuƙa ta tsaya, hannu ya wuce. Mai sana'ar nama kuma ya duba kada a sami rata tsakanin itace da ƙarfe, don jini na taruwa a ciki ya ruɓe.

Wuƙar da ba ta naɗewa, kubenta ne kaɗai tsakaninta da jikinka, amma shi ne abin da ake yi wa rowa. Kube na ƙwarai fatar sa ce mai kauri, milimita 3 ko kusa, jimar bagaruwa, wato garad. A gefen da baki ke kwanciya dole a sa wani siririn tsiri na fata tsakanin ɓangarorin biyu kafin a ɗinke, don baki ya riƙa cin tsirin maimakon zare. In ba shi, ɗinkin zai yanke daga ciki ba ka sani ba. Kubbunan da ake yi da kwali a lulluɓe da siririyar fatar akuya mai ado na rataye a bango ne. Gumi na jiƙa kwalin, tsini ya huda. In ana son fata mai ado, a sa ɓawon itace siriri a ciki. Kuben ya haɗiye aƙalla rabin ƙotar, ko a yi masa maɗauri. Gwajinsa ba wuya: sa wuƙar, kifa shi a kan ƙasa mai laushi, girgiza sau uku. In ta faɗo, baduku bai gama aikinsa ba.

Duk wannan ya sa bayar da aiki ya fi sayen na shimfiɗe. Ka yanka kwali daidai siffar da kake so ka kai wa maƙeri, ka faɗi kauri da irin ƙarfe da irin wutsiya, ka ba da kafin alƙalami, kuma kada ka matsa masa da gobe-gobe. In ya yarda ka zo ranar shayarwa, ka zo. Ka karɓi wuƙar tukuna sannan ka kai wa baduku ita kanta, ya ɗinka kuben a jikinta.

Jallabiya ba ta da ɗamara, shi ya sa mutane ke jefa wuƙa a aljihun gefe. Wuri ne mai haɗari. Idan ka zauna a raksha, wato babur mai ƙafa uku, ko ka tsuguna, tsinin yana fuskantar cinya, kuma ta cikin cinya babbar jijiyar jini ta bi, wadda in ta huje mintoci kaɗan ne. Mazagin wando ma ba wurinta ba ne, tana lilo tana juyawa. Abin da ya fi shi ne ɗamarar fata a kan wando ƙarƙashin riga, wuƙar a gefen ƙugu ta ɗan koma baya, ko maratayi a kafaɗa ta kwanta a haƙarƙari, ko damtse. Mai hawa babur ko jaki kada ya sa ta a tsakiyar baya, faɗuwa a kanta na iya taɓa ƙashin baya. A cikin gari kuwa, jakar kayan aiki ta fi ko'ina.

Dalilin wannan na ƙarshe ba ɓoyayye ba ne. A bakin hukuma wuƙa tana cikin abin da ake kira silah abyad, farin makami, kuma jihohi, musamman na gabas, sun sha fitar da umarnin hana yawo da shi a kasuwanni da wuraren taro idan hankali ya tashi. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 shingayen bincike sun yawaita, umarnin wannan jiha kuma daban da na waccan, don haka matafiyi ya tambayi halin da ake ciki kafin ya kama hanya. Bayan rikicin ƙabilanci na jihar Nil Azrak a 2022 ma ba Bahaushen da ke buƙatar a tuna masa yadda ƙaramin abu ke zama babban zance. Wuƙa gajera mai baki ɗaya, a naɗe cikin jaka tare da tsinkunan agashe ko ƙugiyoyin kamun kifi, tana bayyana kanta. Mai baki biyu a ɓoye cikin hannun riga kuwa sai ka yi dogon bayani. A irtikaz, wato shingen bincike, ka faɗa da bakinka cewa akwai wuƙar aiki a jaka kafin a gano ta, kuma kada ka kai hannu ka ciro sai an ce ka ciro. Masallaci, makaranta, asibiti, gidan biki, duk a bar ta a gida. Hadisin Abu Musa da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama bakinsu kada ya ji wa wani; an kuma hana miƙa takobi a zare. Wuƙa ma a kube ake miƙa ta, ko a ajiye mutum ya ɗauka. Mai hawa jirgin sama ya sa ta a kayan awo, ban da jakar hannu. Maniyyaci kuwa ba ya buƙatarta sam, hadaya ta hannun mayankan da aka tanada ake yin ta.

Washi kuma, dutse mai fuska biyu, kaushi da laushi, ya isa. A jiƙa shi da ruwa ko mai, amma in an fara da mai a zauna a kansa. Kusurwar da ta dace da wuƙar yau da kullum wajen digiri 20 ce a kowane gefe. In faɗin ruwan santimita 3 ne, ɗaga bayan kamar santimita 1 daga dutse ya ba ka haka. Mai agashe ya ɗan kwantar da ita ƙasa da wannan. A wasa gefe ɗaya har sai an ji wani ɗan leɓe siriri ya tashi a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini; wannan leɓe ne shaidar an kai baki, wanda bai jira shi ba gefen wuƙa kawai yake gogewa. A juya a yi haka, a koma fuska mai laushi da hannu sakwa-sakwa, a ƙarasa a kan bayan tsohuwar ɗamarar fata ana ja da baya har leɓen ya fita. Goga wuƙa a kan wuƙa da mahauta ke yi miƙar da bakin da ya kwanta ne kawai, ba ya maye gurbin dutse. Masu washi da inji a kasuwa kuma, in ba sa tsomawa a ruwa, cikin minti ɗaya za su yi maka ɓarnar nan ta sarukh.

Ga mai niyyar yanka da ita, hadisin Shaddad ɗan Aus a Muslim ya ce mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, malamai kuma sun karhanta wasawa a gaban dabbar. Tsawo ma yana cikin hutarwa: wuƙar santimita 10 ta yi wa kaza da ɗan akuya, rago yana son 15 zuwa 18, sa kuma 25 ko fiye, don yanka ya tafi a ja ɗaya ko biyu.

In wuƙa ta yanke mutum, a danne da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa, hannu a sama. Garin bunnu, wato kofi, da toka da ake zubawa ƙazantar da ciwon suke yi. In yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu, jijiya ta taɓu, asibiti ne a ranar, a kuma tambayi allurar tetanus.

Baƙin ƙarfe yana tsatsa, ba makawa, amma a bambanta. Launin toka ko shuɗi-shuɗi da albasa da lemon tsami da nama ke bari ba aibi ba ne, yana ma ɗan kare ƙarfen, a bar shi. Ja mai ƙaiƙayi shi ne abokin gaba, a goge shi da toka da ɗan tsumma tun bai yi rami ba. Bayan kowane aiki a wanke, a tsane sarai, a shafa mai kaɗan kafin a mayar kube. Jini da gumi gishiri gare su, dare ɗaya ya ishe su. Man riɗi yana yi ga wuƙar da ake amfani da ita kullum, amma in ya daɗe yakan yi danƙo. Man farafin na kantin magani ba ya wari, ba ya danƙo, kuma ba ya cutarwa a abinci. A Bur Sudan da iskar teku, da Gadarif da Damazin a watannin kharif, wato damina, shafa man kullum ne. Wuƙar layya da za ta yi wata goma sha ɗaya a ajiye kuma kada a bar ta cikin kube, don fata tana jan laima tana riƙewa. A shafe ta da mai, a naɗe a takarda, a ajiye kuben a gefenta.